Na Kai wa Masu Gayya Kifi Har Damagaram

To Asabe, da ke da Hajiya Yalwa da sauran 'yan ajinmu na yamma, kun ishe ni. A gidan suna tambaya, a gidan gaisuwa tambaya, har a layin asibiti Yalwa ta miƙo wuya daga kan benci wai me ya kai ni Damagaram da kwandon kifi. Bakina ya gaji. Tunda Allah ya sa na koyi rubutu bayan furfura ta gama da kaina, ga shi na rubuta, kowa ta karanta da kanta. Wadda ta riƙa gudun aji lokacin da muke fama da baƙi da wasali, ta nemi mai karanta mata, babu ruwana.

Kun dai san shagon hoton da maigidana marigayi Malam Habu ya bar mini a bakin kasuwar Haɗeja, wanda 'yata Talatu ke riƙe da shi. A gaban shagon akwai kwamfutocin da ake gyaran hoto, a shafe wa amarya ƙuraje, a ƙara wa ango haske. A ɗakin baya kuma akwai wata babba, ba ta da kyan gani, ba mai zama gabanta, amma ita ke riƙe da hotunan duka: na aure, na suna, na alhazai, har tsofaffin da Malam ya ɗauka tun ana cusa kai cikin baƙin ƙyalle. Na gaba duk wurinta suke zuwa su ɗauka su mayar. Su Talatu suna ce mata saba. Ni uwar garke nake ce mata, kuma kowa ya gane.

Da kogi ya cika ya shigo unguwa, ruwa ya kwana a shagon, uwar garke ta sha ta mutu. Allah ya taimaka Talatu tana kwafe hotunan a wani ɗan akwati da take ajiyewa a gida saman sif, ko ɗaya bai salwanta ba. Muka sayo wata uwar garken ta hannu. Na ce to a jona mu ci gaba. Aka ce a'a, wannan ƙarfe ne kawai, sai an zuba mata babbar manhajar da za ta tafiyar da ita. Kuma iri biyu ce. A nan rigima ta tashi a tsakar gidana.

Ɗana Ɗanjuma, mai sarin shinkafa, wanda bai taɓa gyara ko tocila ba, shi ya fara.

"Iya, ta kamfani za a sa. Kowa ya san ta, kowane mai gyara a Kano ya iya ta."

Na ce nawa ce. Ya faɗa. Na ce ya sake faɗa, don na ɗauka har da injin niƙa ake haɗa wa mutum.

"Ki kwantar da hankalinki, Iya. Akwai wani abokina, zai zuba mana ita ba tare da lasisi ba. Kuɗin shayi kawai."

"Wato ta sata."

"Haba Iya, kowa haka yake yi."

"Hoton alhazai za ka zuba mini a cikin kayan sata? Tashi daga kan tabarmata."

Talatu ta gyara zama ta ce, "Iya, akwai wadda ba a saya. Mutane ne da yawa suka haɗu suka yi ta, kowa ya sa hannu, suka ce duk mai so ya ɗauka, ya leƙa cikinta, in ya iya ma ya gyara."

"Gayya ke nan."

"Kusan haka."

"To wa ya dafa musu?"

Ku da kuka tashi a fadama kun san abin da nake nufi. In ka kira gayya aka yanke maka shinkafa, ba ka biyan kowa ko sisi, amma sai ka ɗora tukunya. Wanda aka yi wa gayya ya sallami mutane da yunwa, a garinmu har jikokinsa sai an goranta musu. Na ce ni ban ga bambanci ba tsakanin satar Ɗanjuma da cin gumin mutane a bushe. Na rantse ba abin da zai shiga cikin uwar garke sai wanda na biya ko na ciyar da masu shi.

Rantsuwa ta fita, shago kuma yana rufe. Ga kaka ta matso, kun kuwa san da an kai shinkafa gida bukukuwa za su ɓarke, a lokacin ne shagon nan ke samar mana abincin shekara. Iyayen amare har sun fara zuwa suna leƙa ƙofa suna wucewa gaba.

Ana haka Talatu ta ambata cewa Rakiya, 'yar ƙanwata da ke aure a Damagaram, irin ta gayyar take amfani da ita a shagonta na buga katin biki, wai har masu abin suna taruwa a can duk Asabar. Na ce alhamdu lillahi, an san gidansu.

"Iya, ba fa su ne suka…"

"Rufe mini baki, je ki nemo kwando."

Na aika wajen Kirikasamma aka zaɓo mini bandar tarwaɗa manya, na auno shinkafa 'yar gida, na ƙulla daddawa da barkono. Uwar garke kuma muka naɗe ta da zani kamar jaririya, don na ce in magana ta yi daɗi a zuba mata abin a gabana.

A tasha direba ya ce kwando sai saman mota. Na ce sai dai shi ya hau saman. Na rungume kifina, Talatu ta rungume ƙarfenta. Kusa da ni wani mutum ne ya sha farar shadda da turare, ashe neman aure za shi Gumel. Kafin mu kai garin Malam Madori ya fara tsaki, ya buɗe gilashi, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Hajiya, don Allah ba za ki ɗan karkata shi can ba? Gidan surukai za ni."

"Ɗan nan, in suka ji ƙanshin kifi a jikinka za su san 'yarsu ba za ta kwana da yunwa ba. Turare kuwa ko mai bin bashi yana shafawa."

Mota ta kwashe da dariya. Da zai sauka na cusa masa ɗaya a aljihu. Bai mayar ba.

A Gumel muka yada zango wurin Alhaji Bala, aminin Malam, mai kantin magani. Shi ta kamfani yake da ita, ta halak, ya biya. Na ce ya nuna mini, don ba na yanke wa abu hukunci ban gan shi ba. Gaskiya tana da kyan fuska. Komai da ɗan hotonsa, ka danna nan ka danna can, ko ni na gane inda ake buɗewa da inda ake rufewa. Ya ce manhajar da yake lura da magunguna da ita ma ba ta zama a kan kowace sai wannan, don haka shi ba shi da zaɓi, kuma bai yi nadama ba.

"In ta lalace fa?"

"Waya zan ɗaga, matar Malam. Bari ki gani, dama akwai abin da ke damuna."

Ya kira. Aka sa masa kiɗa. Muka ci tuwo, kiɗa na yi. Muka yi la'asar, kiɗa na yi. Har na fara gyaɗa kai, sai ga wata ta ɗauka da Turanci, ta ce ya danna kaza ya danna kaza, abin kuwa ya gyaru. Ba zan ɓoye ba, wannan ya burge ni. Akwai daɗi a ce kana da wanda za ka zaga, ya ba ka haƙuri.

Amma da na ci gaba da tono sai ga sauran zance. Ashe bayan ka sayi babbar, duk kwamfutar da za ta riƙa ɗiba daga gare ta ita ma sai an yanka mata nata lasisin. Na ce, "Alhaji, ka haƙa rijiya da kuɗinka a gidanka, kuma kowane guga sai ka biya?" Ya ce haka tsarin yake. Kuma wai bayan wasu shekaru kamfanin zai ce ya daina kula da wannan, a sayi sabuwa, sabuwar kuma tana iya cewa ƙarfenka ya tsufa. Ya dubi abin da Talatu ta rungume ya ce, "Wannan taku ma da ƙyar za ta ɗauka." Na ce ya iya bakinsa, a gabanta yake magana.

Washegari muka kama hanyar Maigatari. A kan iyaka aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jami'i dogo ya nuna zanin Talatu.

"Wannan fa, yaro ne ba lafiya?"

Ta buɗe. Ya dubi ƙarfe, ya dubi kifi, ya dube ni.

"Mama, me za ki yi a Nijar?"

"Zan kai wa masu gayya abinci."

"Gayyar me? Gero?"

"Ta kwamfuta."

Ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita. Na maimaita. Suka ce mu shigo ciki a duba katinmu. Muna shiga, kwamfutarsu ta yi shuɗi, wani ɗan zobe ya kama juyawa. Na matsa na karanta da ƙyar, Turanci ne, Talatu ta fassara mini: wai tana gyara kanta, kada a kashe ta. Layi ya taru har waje, rana na dukan mutane, ita tana gyara kanta.

"Wa ya sa ta?"

"Ba kowa, Mama. In ta ga dama haka take yi."

"Ta kamfani ce?"

"Ita ce."

"Ni ko 'yar aiki ce ta ce za ta yi wanka ana tsakiyar tuƙin tuwo, ranar za ta koma gidansu."

Talatu ta taka mini ƙafa, wai ana iya saita mata lokacin da za ta riƙa yi, su ne ba su saita ba. Na ce to ta gaya musu mana. Ta ce Iya a kan iyaka muke. Da zoben ya gaji ya tsaya, aka duba mu aka ce mu wuce. Na ba dogon kifi biyu da hannuna, bai roƙa ba, tausayi ya ba ni.

Daga nan sai yashi da rairayi, mota tana tafiya kamar mai ciwon baya. Ni da na saba duk inda na juya in ga ruwa da kore, na rasa abin kallo sai na yi gyangyaɗi.

Mutanen Damagaram Hausa suke yi, amma sun zuba mata wani abu. Namiji mushe ne, makaranta lakwal, ɗan acaɓa kuma kabu-kabu. Kuɗinsu sefa, in ka canza namu sai ka ji kamar an yi maka fashi da sallama. Burodinsu dogo ne kamar muciya, ga tauri, na gatsa sau ɗaya na tuna haƙoran da suka rage mini ba su da yawa, na jiƙa shi a shayi. Da rana ta take kuma sai kowa ya rufe shago ya tafi ya kwanta. Na ce wa Rakiya wa ya mutu? Ta ce ba kowa, Inna, hutu ne. A Haɗeja ka rufe shago da azahar, kafin ka dawo maƙwabcinka ya aure cinikinka.

A gidan Rakiya muka sauka, ta ba mu ɗakinta, ta yi mana dambun zogale da kilishi wanda har yau ina tunawa. Amma a nan na yi abin kunya. Da safe na ga randa cike, na ɗebi ruwa na wanke kifi, na ɗauraye, na zubar, na sake ɗaurayewa, na wanke kwando, na watsa sauran a tsakar gida don ƙura ta kwanta. Na ɗago na ga matan gidan sun yi cirko-cirko kamar an yanka rago ba bismilla. Ashe ruwan nan da asuba aka bi layi aka sayo shi, na girkin gidan ne duka. Uwar mijin Rakiya ta ce a hankali, "Baƙuwa daga ina take?" Aka ce Haɗeja. Ta ce, "Allah sarki. Shi ya sa." Na ce mata, "Yaya, ku yi haƙuri. Mu can ruwa har gado yake biyo mu, roƙonsa muke ya tafi." Ta ce in na koma in gaya masa ga hanya.

Ranar Asabar muka ɗauki tukunyar aro, muka hau kabu-kabu, aka kai mu wani fili a bayan shagon gyaran kwamfuta, an kafa rumfa. Ni na zaci zan ga taro kamar na yankan shinkafa, da makaɗi da kirari. Sai na tarar da mutane ba su fi a ƙirga da yatsu ba, maza da mata, kowa ya dunƙule a gaban allo. Babbansu wani Malam Isufu ne, mai furfura a gemu, malamin lakwal ne da ya yi ritaya.

Na yi sallama, na aje kwando, na yi jawabin da na shirya tun daga gida. Na ce ni Hajiya Kande ce daga Haɗeja, na ji labarin aikin da suka yi wa duniya ba su karɓi ko sisi ba, na zo in ɗora musu tukunya kafin in taɓa abinsu, Allah ya yi musu albarka, ya ba su 'ya'ya masu jin ƙai.

Suka amsa da amin. Malam Isufu ya cire tabarau ya goge.

"Hajiya, mun gode. Amma ba mu muka yi ta ba."

"To su wa?"

"Suna ko'ina. Wani yana ƙasar Sin, wani Indiya, wani Turai, wata Amurka, akwai 'yan Afirka ma. Yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba. Kowa yana gyara ɗan wurinsa ya aiko ta intanet, wasu su duba, in ya yi kyau a haɗa."

"Gayya ba a ga juna ba? To wa yake gane malalaci?"

"Aikin kowa a buɗe yake, da sunansa a jiki. In ka yi ha'inci duniya za ta gani."

Wannan ya yi mini. Amma na ce to su waɗannan bayin Allah me suke ci? Ya ce wasu manyan kamfanoni ne ke biyansu albashi don su ma suna amfana da ita, wasu kuma bayan sun tashi daga aiki suke yi don sha'awa. "Ba sa jin yunwa, Hajiya. Wasunsu sun fi ni da ke ƙiba."

Na juya na dubi Talatu. Ta ce, "Iya, na so in gaya miki, kika ce in nemo kwando."

Na zauna a kan benci, raina a ɓace. Na ƙetare iyaka, na ɓata wa mai neman aure shadda, na zubar wa mutane ruwan girki, ashe masu gonar ba sa nan. Ga rantsuwa a wuyana. Na ce to tunda na zo, bari in yi tambayata.

"Malam, in ta lalace wa zan zaga?"

"Ba kowa."

"Ba lambar waya?"

"Akwai kamfanonin da za ki biya su riƙa kula miki da ita, in kina so. In ba haka ba, sai ki rubuta tambaya a dandalin masu amfani da ita, ki jira wani ya amsa don Allah." Ya mayar da tabarau. "Bari in gaya miki gaskiya, Hajiya. In ba ku da wanda zai zauna ya koye ta, ku koma ku sayi ta kamfani, ku huta. Kada ku ɗauki wannan don arha kawai. Na ga waɗanda suka yi haka, ranar da ta tsaya suka rasa mai duba musu a duk garinsu."

Mai talla da ke kushe kayansa ban taɓa gani ba sai ranar. Na ce wa Talatu, "Kin ji. Za ki iya, ko bakin ne kawai?" Ta ce za ta iya. Na ce a kwance zani.

Aka jona uwar garke, aka zuba mata. Tsohon ƙarfen da Alhaji Bala ya raina ya ɗauka ba ko tari. Amma da ta buɗe ido, wallahi na tsorata. Allo baƙi ƙirin, ba hoto ba fure, sai wani ɗan fari yana ƙifta ido a kusurwa. Na ce ta ƙone? Aka ce a'a, jira take a rubuta mata abin da za ta yi. Wai ana iya sa mata hotuna irin na waccan, amma tunda a ɗakin baya za ta zauna ba mai kallonta, gara a bar ta da sauƙin kaya.

Malam Isufu bai taɓa mata komai ba, ya sa Talatu ta zauna, yana faɗa tana bugawa. Yadda za a buɗe wa kwamfutocin gaba ƙofa su ɗauki hoto, ko da su na kamfani ne a cikinsu. Yadda za a hana wanda ba a yarda da shi ba shiga. Yadda za ta riƙa kwafe komai da kanta zuwa ɗan akwatin nan, don ya ce ruwan Haɗeja bai san ta kamfani ba bai san ta gayya ba. Talatu tana gumi, tana kuskure, allo yana mayar mata da baƙar magana, tana sakewa.

Har ni aka ce in zo in buga sunana. Na ɗaga yatsa na nufi inda A take, na tarar da wani baƙin daban zaune a wurin. Ashe abin bugawarsu na Faransa ne, sun kwashe haruffa sun sauya musu ɗaki. Na ce, "Ni da na sha wuya kafin in san gidan kowane, ku kuma kun tashe su?" Da ƙyar na kamo Kande.

Ana cikin haka na tashi na hura wuta, don kifi ba zai koma Haɗeja ba. Na yi dafa-duka da banda da daddawa, wannan karon ina auna ruwa kamar mai auna turare. Suka ci har da masu leƙe daga shagon maƙwabta. Wata mai gilashi ta ce tunda take zuwa taron nan ba a taɓa cin abin da ya wuce gyaɗa ba.

Da aka wanke hannu na ce, "Malam, har yanzu da saura. Ku na ciyar, ku kuka koya wa 'yata. Amma masu ainihin aikin fa? Na yi rantsuwa."

Ya ce, "Hajiya, a garinku in an yi wa mutum gayya ya ciyar, shi ke nan ya gama?"

"Ina fa. Ranar da aka kira ta wani, shi ma ya ɗauki laujensa."

"To haka suke karɓar nasu. Ba wanda ya taɓa aika musu shinkafa. Wanda aka koya wa, ya koya wa na gaba. Akwai masu ƙananan shaguna a Haɗeja?"

"Kamar sauro."

"In 'yarki ta ƙware, duk wanda ya zo kada ta kore shi."

Na ce na amsa. Talatu ta ce, "Iya, ni fa ba a tambaye ni ba." Na ce lokacin da na haife ta ma ban tambaye ta ba.

Muka dawo ta hanyar da muka bi. Dogon jami'in nan yana hango mu ya ce, "Mama, an yi gayyar?" Na ce an yi, masu gonar ne dai ba su zo ba.

Shago ya buɗe ana fara ɗaura auren farko. Kada ku ce komai ya tafi sumul. Ana tsakiyar bukukuwa ɗaya daga kwamfutocin gaba ta ce ita ba ta ga uwar garke ba, alhali ga ta nan bango ɗaya ya raba su. Ga uwar amarya zaune tana jiran hotuna, irin matan nan masu magana da hanci. Ɗanjuma ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana sakace.

"Da ta kamfani ce da yanzu an kira waya."

"Da ta abokinka ce da wa za ka kira, ɗan sanda?"

Talatu ta rubuta tambaya a dandalin. Na farkon da ya amsa cewa ya yi ta je ta karanta littafin bayani, an sha yin wannan tambayar. Na ce wannan ko daga ina yake, akwai jininmu a jikinsa. Can sai wani, ko wata, don sunan bai nuna ba, ya bi ta a hankali har aka gano ashe wani izini ne ba ta buɗe ba. Ta buɗe, hotuna suka fito, uwar amarya ta karɓa tana cewa an sa 'yarta ta yi baƙi.

Kun tambaye ni wacce ta fi. Alhaji Bala yana can da tasa, yana biya, yana barci, kuma daidai ne a gare shi, don ba shi da Talatu, maganinsa kuma ba ya zama sai a kanta. Mu muna da Talatu, ba mu da abin zubarwa, ƙarfenmu tsoho. In kina da mai koyo ki ɗauki ta gayya. In ba ki da shi ki biya. In kuma ta sata za ki sa, kada ki gaishe ni a hanya.

Saura alkawarin da na ɗauka. Labari ya bazu cewa 'yar Malam Habu tana zuba wa mutane manhaja ba ta karɓar komai. Mai kemis na bakin tasha ya fara zuwa, sai mai buga takardu, sai wata daga Kaugama da ke da makarantar kuɗi, ta zo da tata a cikin buhun taki. Yanzu duk Asabar zaurena cike yake da mutane da wayoyi, Talatu a tsakiya tana yi musu tsawa yadda allo ya yi mata. Tunda kuma a gidana ake taruwa, ba zan bari a ce an yi gayya a gidan Kande an tashi da yunwa ba. Ni ke ɗora tukunya. Ɗanjuma ba ya fashi, har yau yana nan a kan ta kamfani ta fi, yana faɗa yana ƙara loma, shinkafar ma shi nake sa wa ya kawo.

Don haka duk wadda ta sake ce mini wai na samu abu a kyauta, ta zo ranar Asabar da la'asar. Tukunyar tana bayan ɗaki, ga toka ga soso.